Hular da Ta Dawo Fara

Duk wanda ya taɓa sayen hular hannu a Safana ya san sunan Ƙasimu Mai Zane, amma ba kowa ya san abin da yake yi ba. Da yawa suna zaton shi ke ɗinka hulunan, alhali Ƙasimu ko maɓallin rigarsa ne ya tsinke sai ya jira matarsa. Aikinsa zane ne kawai. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan katako, ya fitar da siffar da allura za ta bi, jikin hula daban, kanta daban, ya ninke ya ajiye. Sadisu mai fataucin huluna shi ke zuwa da babur ya kwashe, ya rarraba wa matan ƙauyuka masu ɗinki a cikin gidajensu, tun daga Babban Duhu har bayan Wagini. In an kwana biyu hulunan su dawo a ɗinke, a wanke, a buga, a kai kasuwa. Mai zane bai san masu ɗinki ba, masu ɗinki ba su san mai zane ba. Haka aka tarar ana yi, kuma ba wanda ya ga abin gyara a ciki.

Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa shi ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana a allo, a gefensa Ƙasimu ya koyi riƙon alƙalami. 'Yan'uwansa suka ɗauki karatun, yau duk suna koyarwa a Islamiyya, shi kuma ya ɗauki zanen ya kai shi kan hula. Ba su taɓa ce masa ya yi laifi ba. Sai dai in baƙo ya zo ana nuna masa 'yan gida, akan ce wannan Malam wane, wannan Malam wane, in an zo kansa a ce, "Wannan kuma Ƙasimu ne," a wuce gaba.

Ba wai ba shi da mutane ba ne. Matarsa Rukayya mace ce mai kirki, ba ta taɓa barin tuwonsa ya huce ba, amma in ya nuna mata sabon zane sai ta ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau," idonta na kan tukunya. Ya taɓa gwada ta, ya nuna mata zane ɗaya da safe ya sake nuna mata shi da yamma, ta ce na yamman ya fi. Ɗansa Yazid yana gyaran waya a Katsina, in ya zo gida da hana-salla a kansa yake zuwa. A majalisar bakin masallaci kuwa hirar taki ake yi da ta gero da halin da hanya ke ciki. Ranar da Ƙasimu ya yi kuskuren cewa akwai abin kallo a yadda laka ke tsattsagewa in tafki ya janye, sai wani ya tambaye shi ko ya karya kumallo. Tun daga ranar ya kama bakinsa. Kaɗaici iri-iri ne, nasa na cikin jama'a ne, kuma ya daɗe yana cin sa.

Abin da ya rage masa shi ne hannaye. Bai san fuskar ko ɗaya daga cikin masu ɗinkin ba, amma in Sadisu ya zube huluna a tabarma yakan gane kowace da aikinta. Ga mai jan zare har ƙyalle ya tattare. Ga wadda ke farawa da natsuwa ta ƙare da gaggawa, da gani yara sun dame ta. Ga mai son ja, ko an ba ta shuɗi sai ta san yadda ta cusa ja. Dukansu layinsa suke bi, kamar tumaki a burtali, ba mai waiwaye.

Sai wata shekara wata hula ta dawo ba yadda ya aika ta ba. Ya zana gidaje huɗu-huɗu a jere, kowane a rufe. Mai ɗinkin ta bi na farko da na biyu, a na uku ta buɗe gefe guda ta saki layin ya gangara, ya lanƙwasa, ya je ya shiga na gaba ta ƙasa, haka har ta zagaye hular. Ran Ƙasimu ya ɓaci ƙwarai, da ma wanzami ba ya son jarfa. Ya jefa ta gefe ya ce wannan ɓarnar zare ce. Amma yana aiki yana satar kallonta, kafin azahar ya ɗauko ta ya kifa a gwiwarsa yana juyawa. Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba, don gaskiya ce: nata ya fi nasa. Nasa zanen a tsaye yake, nata yana tafiya.

"Wagga aikin wa ne?" ya tambayi Sadisu.

"Wata ce can bayan Wagini, Zuwairatu. Ta daɗe tana yi mamu ɗinki."

"Na san hannun. Da ba ta haka."

"To yanzu tana yi. In ja mata kunne?"

Ƙasimu ya sake juya hular. "A'a, ƙyale ta."

Daga nan abu ya zama hira. Ya shiga ware mata zane na musamman. In ta saki layi ta hagu, a hula ta gaba sai ya tare ta ta can ya ga yadda za ta yi, ita kuma ta ɓullo ta inda bai zata ba. Wani lokaci ya ga kamar tana masa gardama, wani lokaci kamar tana masa dariya. Daga baya har fili ya riƙa barin mata, ya zana rabi ya tsaya, wato ga wuri nan, faɗi naki. Ta kuwa cika shi, da abubuwan da bai taɓa gani a hula ba: ɗige-ɗige irin na jikin zabuwa, layuka masu bin juna irin kunyar gona, wani abu mai rassa da ya rasa sunansa. Hulunan suka yi suna. Angwaye daga Dutsin-Ma suka riƙa aikowa, manya daga Katsina suna cewa a nemo musu aikin Safana, ko a lokacin da hular inji ta cika kasuwa. Yabon bai dame shi ba, don masu yabon launi suke gani da sheƙin zare. Abin da ya riƙe shi daban ne. Ya san a duniyar nan akwai mutum ɗaya da ke shimfiɗa zanensa ya dube shi da kyau, ya gane inda ya dosa, ya ba shi amsa.

Kada mai tsegumi ya kai abin wani wuri. Ƙasimu bai taɓa tambayar shekarunta ba, bai taɓa tambayar ko da aure ko babu ba, bai kuma taɓa ba Sadisu saƙon baki ya kai mata ba. Me zai ce? Matar cikin gida ce a garin da ba nasa ba, kuma a ganinsa abin da alƙalami da allura suka faɗa wa juna baki ba zai iya ba. In ya ƙiyasta ta a ransa, hannu kawai yake gani, da ido mai kaifi. Ya dai ɗauka yarinya ce, don irin wannan ƙarfin hali sai mai jini a jika.

A daminar bana ne ya sami zanen da ya ɗauka shi ne na rayuwarsa. Yana zaune a gonarsa bayan ya gama cirar ciyawa, ya ga yadda wake ya kama karan dawa yana hawa, ya naɗe nan, ya saki can, ya yi kamar zai tafi abinsa, ya dawo. Shekara nawa yana ganin wake da dawa, amma ranar ce ya gan su. Ya koma gida bai ko wanke ƙafa ba ya zauna kan katako. Ya ɓata ƙyalle ya fi a ƙirga, har Rukayya ta fara tattara su tana tace koko. Layi biyu ne zanen. Ɗaya miƙaƙƙe, mai gaɓa-gaɓa, yana zagaye hular a natse. Ɗayan mai yawo, yana naɗe shi yana sakinsa, yana fitar da 'yan ganye da furanni inda ya ga dama. A bayan hula, wurin haɗin ɗinki, layukan biyu suka zo suka ƙulle wuri ɗaya. Wannan karon bai bar fili ba. Duk abin da ya koya a hannun Zuwairatu ya zuba a ciki, so yake ta buɗe ta ga cewa shi ma ya ji ta.

Ya ninke da kansa ya ba Sadisu, ya ce kar ta bi ta hannun kowa. Sannan ya zauna jira. Ba sayar da ita zai yi ba, ba kuma sa ta zai yi ba. Amsarta yake son gani.

Gero ya fid da kai, ya yi ido, aka fara tumu. Wata rana da hantsi Sadisu ya zo ya zube huluna, sannan ya zaro wani ƙyalle daga aljihunsa ya miƙa masa yana kallon wani wuri.

"Ta ce a ba wata."

Ƙasimu ya warware. Zanensa ne, fari fat yadda ya tafi. Ya ɗaga shi ga rana yana neman ko hujin allura ɗaya, babu.

"Mi ta ce kuma?"

"Iyakarta ke nan. Ban ma gan ta ba, ɗanta ya miƙo mani a zaure."

"Ba ta da lahiya ne?"

"Na tambaya, an ce lahiya lau."

Da a ce ta ɗinka ta juya masa zanen kai a ƙasa, da ya ji daɗi. Da ta tsallake rabinsa ma ya gode. Amma a maido masa da shi ba ko ɗigo, wannan ya shige shi har ƙashi. Zuciya da saƙe-saƙe. Yau ya ce ta duba ta ga zanen ba shi da abin cewa. Gobe ya ce a'a, ta gane abin da yake nufi ne ta ga ya wuce gona da iri. Jibi ya ce kwaikwayonta ya yi, ta ji haushi. Ya zauna kan katako da safe kamar kullum, ya ɗauki abin zane, hannu ya ƙi tafiya. Ko tsofaffin zanen da yake yi ido rufe sai ya ga ba su da dalili. Sadisu ya zo karɓar aiki ya koma hannu rabbana, ya sake zuwa ya sake komawa.

Ranar da ya ce zai je Wagini, Rukayya ta ajiye muciya ta dube shi sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Malam, a kan hula? Wannan hanyar da mutane ke bi da salati saboda 'yan bindiga?"

"Tambaya ɗaya zan yi in dawo."

"Ka aiki Sadisu mana."

"Ba ta aike ba ce."

Ba ta gane ba, kuma ba ta yi kamar ta gane ba. Ta ƙulla masa gyaɗa a leda ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Suka tashi da sassafe ranar kasuwar Batsari, don a irin ranar hanya ta fi mutane. Bayan Batsari suka miƙa Wagini, daga nan suka saki babbar hanya suka shiga ta ƙafa. Gero ya rufe su dama da hagu, ya fi mutum tsawo. Sadisu, wanda baki bai taɓa yi wa ciwo ba, ya yi gum yana ba babur wuta. Suka wuce wata unguwa da ba kowa, ɗakuna sun rufta, kabewa ta haye danga ba mai tsinka. Ƙasimu ya dafe aljihun da ƙyallen ke ciki, yana ta shirya maganar da zai yi, kowace ya shirya sai ya ji ba ta dace da bakin baƙo ba.

A ƙofar gidan suka yi sallama. Wanda ya fito dattijo ne da furfura a gemu, sa'an Ƙasimu ko ya ɗan girme shi. Sadisu ya ce, "Wannan shi ne Hashimu, ɗan Zuwairatu." Ƙasimu ya miƙa hannu yana gaisuwa, a ransa yana rushe yarinyar da ya gina. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gida da damina da mutanen Safana. Da Sadisu ya faɗi ko wane ne baƙon, sai fuskar Hashimu ta canza. Ya ce bari ya faɗa wa Inna, ya shiga ciki ya daɗe.

Tafin hannunta ya fara gani, yana bin bango. Sannan ta fito, 'yar tsohuwa ƙarama, lulluɓe da zane, tana taka ƙasa a hankali. Hashimu ya zaunar da ita a bakin ƙofar ciki. Ta juyo da fuska wajen da ta ji motsi, ba daidai inda Ƙasimu yake ba. Idanunta biyu yanar ido ta rufe su, sun yi fari.

Ƙasimu ya sauka daga tabarma ya durƙusa. "Inna, ina kwana."

"Lahiya lau, ɗan nan. Kun zo lahiya? Ina gajiya? Kaka iyali?"

Ya amsa duka, bai san me yake cewa ba.

"Kai ne mai zane," ta ce. "Na san wata rana za ka zo. Kullum in Sadisu ya yi sallama sai gabana ya hwaɗi, in ce yau an aiko da hwaɗa. Ka yi haƙuri, Malam. Na ɓata maka aiki shekara da shekaru, ka kau da kai. Allah shi saka maka."

"Inna, wane aiki kika ɓata?"

"Kai ma ka sani. Ba zanenka ni ka bi ba."

Ya buɗe baki zai ce ai shi ne daɗin abin, ta riga shi.

"Ni dai abu ɗaya ni ka son tambayarka, in ba za ka ji haushi ba. Don mi ka daina sa ƙaro?"

Nan ne Ƙasimu ya tuna. Da can da tawada yake zane, irin ta gidansu, gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Tawadar ƙaro in ta bushe a ƙyalle takan yi ɗan tauri, ta ɗan taso. Daga baya ya koma biro, don biro ya fi siririn layi, ba ya jiƙewa da damina, ba ya kuma ɓata farin ƙyalle. Kowa ya ce ya ci gaba. Ko sau ɗaya bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai karanta zanensa da yatsa ba.

"Idon nan ya daɗe da hwara tahiya," in ji Zuwairatu. "Amma da tawadarka ban rasa komi ba. In aza yatsa in bi, allura na biye. Ba wanda ya sani, ko mutanen gidan ga. Ran nan anka kawo aiki, na shahwa, na shahwa, sumul. Sa'an nan ina ganin inuwa-inuwa, in na kai shi bakin ƙohwa ina gane manyan wurare. Sai in kama daga nan, inda ya ɓace mani in yi abin da Allah ya hore. Daga baya inuwar ma ta tahi."

"To, filin da nake bar maki fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Nakan zana rabi in bar maki rabi."

"Ka bar mani wuri?" Ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Allah sarki. Ni ban sani ba, ɗan nan. Wurina duk hili ne."

Sadisu ya tashi ya ce bari ya duba babur. Hashimu ya bi shi. Kaji suna tono a bakin zaure, daga cikin gida ana jin daka.

Ƙasimu ya zauna da abin da ya ji. Gardamar da ya ɗauka tana masa, da dariyar, da tarewar da yake yi mata tana zillewa, duk shi kaɗai yake kiɗansa yake rawarsa. Shekarun nan da yake tashi da safe da ƙarfinsa don akwai mai gani, ashe zanensa na zuwa gidan nan ne a shafa shi a ji sumul, a rufe shi da zare. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Ya ji kunya, ya ji tausayin kansa, ya kuma ji haushin tsohuwar da ba ta yi masa komai ba. Da ya ɗaga kai ya gan ta zaune, hannayenta biyu a kan cinya ba abin riƙewa, sai haushin ya rasa wurin zama.

"Don mi ba ki aiko an faɗa mani ba?"

"In hwaɗi a daina kawo mani? Tun da maigidana ya rasu, munka baro garinmu munka dawo nan, wa ni ka hira da shi? Sa'o'ina sun ƙare. Yara na da kirki, amma kowa da hidima tai. Matar Hashimu ta zura mani zare, ta jera mani launi, in zauna. Allurar nan ita ce abokiyar zamana."

"Abubuwan da kike ɗinkawa fa, a ina kika samo su?"

Fuskarta ta saki. "Can gida. Akwai dutsi bayan garinmu, muna yara mukan hau mu hango gonaki, kunya-kunya har iyakar gani. Da zanen da innata ta yi a bangon ɗakinta da hwarar ƙasa. Da hanyar gara a jikin rumbu. Da ido ya ruhe sai sunka dawo mani tas, sun hi da kyau. Yanzu an ce garin ba kowa, ciyawa ta cinye. To ni ina da shi nan." Ta taɓa goshinta. "Sai in ce bari in sa wani ya ɗauka a kai, ya kai shi birni."

Ya zaro ƙyallen daga aljihu ya miƙa mata. Ta karɓa ta warware a cinya, ta bi shi da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan.

"Wanga ne na maido. Ba raini ba ne, Malam. Sadisu ya ce ka ce kar shi bi hannun kowa, na san babba ne. Na ce wanga kam ba ni ɓata mashi."

"Zan sake maki shi da tawada. In sa ƙaro da yawa."

Ta girgiza kai, ta ɗago yatsunta. Suna rawa, gaɓoɓin sun kumbura. "Sun mutu, ɗan nan. Tun bazara ba su jin komi. Sai in soke kaina ban sani ba, sai an ga jini a ƙyalle. Hashimu ya ɓoye allurar, kuma ya yi gaskiya."

Ƙasimu ya fara neman takalminsa da ido.

"Hwaɗa mani shi," in ji ta.

"Na'am?"

"Zanen. Tunda ka taho tun daga Safana. Hwaɗa mani in gani."

Bai taɓa faɗar zane da baki ba, ya kuma san yadda ake kallonsa in ya gwada. Ya fara a daburce, ya ce layi biyu ne. Ta ce to. Ya ce ɗaya karan dawa ne, ɗaya wake. Ta ce, "Wake mai yaɗo ko mai tsaye?" Ya ce mai yaɗo. Ta gyaɗa kai, ta gyara zama. Sai bakinsa ya buɗe. Ya faɗa mata gaɓoɓin karan da tazarar da ke tsakaninsu, da inda waken ya naɗe sau biyu, da inda ya saki ya yi nisa har ka ce ya tafi ke nan, da ɗan furen da ya sa a daidai goshi. Tana saurare, yatsanta na yawo a iska kaɗan-kaɗan yana bin maganarsa. Wani wuri ta ce, "Madalla." Wani wuri ta ce ya maimaita. Da ya zo kan furen ta ce, "Ɗaya tak? Ka kyauta, biyu sun yi yawa." Ƙasimu ya ci gaba.

"Sai a baya, wurin haɗi, su zo su ƙulle wuri ɗaya."

Yatsan ya tsaya.

"A'a," ta ce.

"Inna?"

"Kar su ƙulle. In ka ƙulle su ido ya iso nan ya tsaya, an gama kallo. Bar su su gitta juna kowa ya wuce abinshi. Mai kallo sai ya bi ya ga ina za su, ya zagayo, ya sake zagayowa. Kuma waken kar ka ba shi kore, kowa kore zai ba shi. Ba shi ruwan ƙasa, kamar ya hwara bushewa."

Ya karɓi ƙyallen ya dubi ƙullin da ya kwashe kwanaki yana gyarawa, wanda ya fi alfahari da shi a zanen duka. Ya rufe shi da babban yatsa, ya bi layukan da ido. Suka gitta, suka wuce, hular ta ɗauki tafiya. Wannan karon ba shi ya ƙirƙiro amsar ba, da kunnensa ya ji ta, kuma gaskiya ce.

"Haka ne, Inna," ya ce. "Haka ya kamata."

Sadisu ya leƙo ya ce rana ta karkata, gara su kama hanya tun mutanen kasuwa ba su gama wucewa ba. Ƙasimu ya ajiye mata ƙullin gyaɗar, don ba shi da wani abu. Ta sa masa albarka, ta ce ya gaida iyali, ta dafa bango ta miƙe. Har ta juya sai ta tsaya.

"In anka ɗinka, ka kawo mani. Yatsu ba su ji, amma in na aza a kumatu ina ji."

Ya ce to, in sha Allahu.

A hanya ya shiga bin hannayen da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Mai jan zare za ta shaƙe waken. Mai gaggawa za ta iso wurin gittawar a gajiye. Mai son ja ba a ma maganarta. Ya bi su unguwa-unguwa, daga na kusa har na Babban Duhu, ya dawo ya sake bi ko ya tsallake wata. Suna shiga Batsari Sadisu ya rage gudu, ya sami bakin magana, ya waiwayo ya tambaye shi wa za a kai wa hular yanzu.

"Bar ta wurina tukuna," in ji Ƙasimu.